Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Tallafa wa Masu Nakasar Jiki a Cikin Al'umma

Na taɓa halartar wani taron rabon keken guragu. An jera kekuna sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba, kuma duk girmansu ɗaya. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka ɗora wani yaro ɗan shekara tara a kan keken da aka ƙera don ƙaton mutum, yana ta zamewa gefe da gefe. Bayan wata huɗu na leƙa gidansu. Na tarar da keken a jingine bayan ƙofa, taya ɗaya ta sace, an jibga masa kayan wanki, yaron kuwa yana rarrafe kamar da. Da na tambayi mahaifiyarsa, sai ta ce, "Malam, ai ba ya shiga ƙofar ɗakin. In ya zauna a kai kuma, ba ya daɗewa bayansa ya kama ciwo." Babu wanda ya tambaye su komai kafin a ba su, babu kuma wanda ya waiwaye su bayan an watse.

Tun daga ranar nake auna kowane irin tallafi da tambaya ɗaya: an tambayi mai abin kuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tasiri, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya a cikin shida. Jama'a mai wannan yawa ba ta samun sauƙi da rabon kaya na yini guda. Abin da ke aiki shi ne ƙungiya ta kusa, wadda ta san kowa da sunansa, take kuma komawa gidansa a kai a kai. Ga yadda ake kafa ta.

Mataki na 1: Ku fara da mutum kaɗan, kuma masu nakasa su fi yawa

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. Sharaɗin da ba na so a sassauta shi ne fiye da rabinsu su kasance masu nakasa ne da kansu, da mata a ciki, da kuma uwa ko uban yaro mai nakasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai lafiyar ƙafa zai iya kwana yana tsara shiri mai kyau, ya manta cewa ɗakin taron yana saman bene.

Wannan tsari yana da tarihi. Ed Roberts, wanda shan inna ta shanye masa jiki yana ɗan shekara 14, yana cikin waɗanda suka jagoranci cibiyar zaman dogaro da kai da aka buɗe a Berkeley ta ƙasar Amurka a 1972. Abin da ya bambanta ta da gidajen jinƙai na lokacin shi ne masu nakasa ne ke tafiyar da ita, su ne ke ba 'yan'uwansu shawara. Daga irin wannan gwagwarmaya ce taken nan ya yaɗu a duniya, cewa kada a yanke wani abu a kanmu ba tare da mu ba.

Wurin taronku na farko ya zama a ƙasa, mai faɗin ƙofa, da banɗaki da za a iya shiga. Ku sa lokacin da ya dace da wanda ya fi kowa wahalar fitowa. A zaman nan ku rubuta abu uku kacal: yankin da za ku yi aiki, wanda zai riƙe rajista, da wanda zai riƙe kuɗi. Tsarin mulki da tambari da rajistar hukuma duk za su zo daga baya.

Mataki na 2: Ku bi gida-gida

Idan kuka yi shela a taru, waɗanda suka iya fitowa ne za su zo. Wanda ya fi buƙatarku yana kwance a ɗakin ƙurya, wataƙila ya yi shekara bai ga titi ba. Don haka sai an taka.

Ku tafi biyu-biyu, ɗaya mai nakasa, kuma mace ta shiga wurin mace. Kada ku buɗe baki da "akwai nakasasshe a gidan nan?" Sau da yawa za a ce muku babu, saboda kunya ko don ba a ɗauki dattijuwar da ta daina tafiya a matsayin mai nakasa ba. Masana ƙidaya na rukunin Washington, da ke aiki ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, sun tsara tambayoyi shida da ba su ambaci kalmar nakasa ko sau ɗaya ba. Suna tambaya ne ko mutum yana shan wahala wajen gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu ko tattara hankali, wanka ko sa tufafi, da kuma fahimtar magana ko a fahimce shi. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ba na iyawa sam. Ku ari wannan salo, yana buɗe ƙofa.

In kun shiga, ku zauna. Kada ku tsaya a kan mutumin da ke ƙasa ko kan keke kuna magana daga sama. Ku fuskance shi, shi za ku tambaya, ko da ɗansa ko matarsa na ƙoƙarin amsawa a madadinsa. Kada ku dafa kekensa ko ku ɗauke sandarsa sai da izini, domin a wurinsa kamar gaɓar jiki ce.

Tambayar da ta fi kowacce amfani ita ce: "Baba, me kake so ka riƙa yi wanda yanzu ba ka samun yi?" Na taɓa yi wa wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye wannan tambaya ina tsammanin zai ce magani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, in shiga banɗaki in fito ba tare da an ɗauke ni ba." Ƙarfe biyu a bango da kujera mai rami a tsakiya suka biya masa wannan buƙata, kuma da mun tsaya kan abin da muka zo da shi a kai, da ba mu taɓa jin ta ba.

Abin da kuka rubuta amana ne. Littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya, kada a ɗauki hoton shafukansa ana turawa a waya.

Mataki na 3: Ku ware abin da ba ya jira

Bayan zagaye za ku ga buƙatu sun fi ƙarfinku. Ku fara da waɗanda jinkiri ke ɓatawa: gyambon kwanciya, zazzaɓi ga mai robar fitsari, dungulmin da ya kumbura ko yake ruwa bayan yanke ƙafa, sabon shanyewar jiki da ba a fara gashi ba (wato motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararre), da jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa.

Na ƙarshen nan yana ba ni takaici ƙwarai, domin kusan jariri ɗaya cikin 1000 ake haifa da ita, kuma tana gyaruwa. Hanyar da likita Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa ba ta buƙatar babbar tiyata: ana miƙar da ƙafar a hankali a ɗaure ta da filasta, a canza kowane mako, yawanci sau biyar zuwa takwas, a ɗan yanka jijiyar bayan diddige idan da buƙata, sannan a sa takalmi mai ƙarfe a tsakani. Wata uku na farko kusan dare da rana, daga nan da dare kawai har yaro ya kai shekara huɗu ko biyar. Wurin da ake faɗuwa shi ne takalmin. Iyaye suna ganin ƙafa ta miƙe sai su ajiye shi, ita kuwa ta koma. Aikinku a nan shi ne ziyara da tunatarwa.

Ku ba likitoci ba ne, kada ku zama su. Ku haɗa takarda ɗaya mai ɗauke da inda ake gashi, inda ake yin ƙafar roba da takalman gyara, ranakun da ake ganin marasa lafiya, da takardun da ake nema. Wani daga cikinku ya je da ƙafarsa ya tabbatar. Tura mutumin da sai an ɗauko shi zuwa wurin da ba a aiki a ranar, zalunci ne ko da ba a yi niyya ba.

Mataki na 4: Kayan taimako, a auna kafin a saya

Keke kamar takalmi ne, sai an gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da keken guragu a 2008, ta jera matakai takwas tun daga tura mutum da duba shi, zaɓen keken da ya dace, nemo kuɗi da yin oda, haɗa shi, gwada masa, koya masa amfani da shi, har zuwa bibiya da gyara. Miƙa keken mataki ɗaya ne a cikin takwas. In akwai ma'aikacin da aka horar a kusa, shi zai yi awon. Amma kowane ɗan ƙungiya ya kamata ya iya gane keken da bai dace ba.

Ku zaunar da mutum a kai, ya jingina sosai, ku duba waɗannan. Faɗin mazauni ya kama ƙugu ba tare da matsi ba, yatsun hannu su iya zamewa tsakanin cinya da gefen keke. In ya yi faɗi, mutum zai karkace, ƙashin bayansa ya bi, hannunsa kuma ya wahala wajen kai wa taya. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku. Matakin ƙafa ya tsaya inda cinya za ta kwanta gaba ɗaya a kan mazauni, tafin ƙafa ya zauna daram, kuma ya ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 5 don kada ya riƙa karo da dutse. Ga mai tura kansa, majinginar ta tsaya ƙasa da allon kafaɗa don kafaɗar ta sake. Wanda ba ya iya riƙe gangar jikinsa yana buƙatar majingina mai tsayi da abin tallafe gefe.

Sai ku kalli hanyar da zai bi. Keken asibiti mai ƙananan tayoyin gaba an yi shi ne don daɓe mai santsi, yana shiga yashi ko rami ya kafe. Mai taya uku, doguwar gaba da babbar tayar gaba ɗaya, ya fi jure wa hanya mara kyau. Mai feda a hannu ya fi dacewa da tafiya mai nisa, amma ba ya juyawa a cikin ɗaki. Ku auna ƙofar gidan kafin ku yi oda.

Kushin ba ado ba ne. Duk wanda ba ya jin taɓi a mazaunansa, kamar mai raunin laka, bai kamata ya hau keke ba sai da kushin na musamman mai rage dannuwa. In kuɗi ya gaza, gara a jinkirta keken da a ba shi babu kushin.

Sandunan hammata ma ana aunawa. In mutum ya tsaya, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku, kimanin santimita 5, tsakanin hammata da kan sanda. Mariƙin ya zo daidai wuyan hannu idan hannu na sake, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe idan ya kama. Nauyi a tafin hannu yake sauka. Mai rataya jikinsa a hammata yana danne jijiya, wata rana ya wayi gari hannu ya mutu. Ku duba robar ƙasan sanda, in ta cinye a canza, domin ita ce ke hana santsi.

Tun kafin keke na farko ya iso, ku yi magana da mai gyaran kekuna da mai walda. Ku zaɓi keken da tayarsa da boris ɗinsa ake samu a kusa. Kowane mai keke a koya masa busa taya, ɗaure noti, share gashi da zare daga ƙananan tayoyi, da gwada birki.

Mataki na 5: Ku koya wa kowane gida sanin gyambon kwanciya

Zan daɗe a nan, domin wannan ciwo yana kashe mutanen da suka tsira daga haɗarin da ya nakasa su, alhali rigakafinsa a hannun iyali yake.

Idan ƙashi ya danne fata a kan katifa ko mazauni na tsawon lokaci, jini ba ya isa wurin, nama ya fara mutuwa daga ciki. Mai lafiya yana jin zafi ya gyara zama ko cikin barci. Wanda ba ya jin taɓi ba shi da wannan ƙararrawa. Wuraren da za a sa wa ido su ne ƙasusuwan zama biyu, ƙashin ƙarshen gadon baya, gefen ƙugu, diddige, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya.

A duba fata safe da yamma cikin haske. Mai ciwon da kansa zai iya da madubi. A fata mai haske wurin yana yin ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai ka ga wurin ya fi kewayensa duhu, ko yana ƙyalli, in ka taɓa ka ji ya fi zafi ko ya yi tauri. In an ɗauke nauyi daga wurin minti 30 alamar ba ta ɓace ba, gyambo ya fara. Maganin farko shi ne kada a sake zama ko kwanciya a kan wurin har ya warke. Kada a murza shi, murzar tana ƙara ɓarna. In fata ta fashe, ko tana wari, ko zazzaɓi ya shiga, sai asibiti a ranar.

Wanda ke kwance a juya shi duk awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sangali yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba. Wanda ke kan keke ya riƙa sunkuyawa gaba ko karkata gefe duk minti 15 zuwa 30. Zanin gado ya zama busasshe, a miƙe, babu tsakuwa ko ɓurɓushi. A ɗaga mutum idan za a matsar da shi, kada a ja shi. Matashin nan mai rami a tsakiya kamar zobe, da mutane ke ɗauka yana taimako, a guje shi, domin yana tara dannuwa a kewayen ramin.

A zaman nan kuma a koya musu motsa gaɓoɓi kullum kamar yadda mai gashi ya nuna, don kada su ƙage. Ga mai raunin laka daga tsakiyar ƙirji zuwa sama akwai wata alama ta gaggawa: ciwon kai mai sara farat ɗaya, da gumi da jan fuska. Hawan jini ne mai haɗari, kuma yawanci mafitsara ce ta cika ko robar fitsari ta toshe. A zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafi, a duba robar, a nemi likita nan take.

Mataki na 6: Gida da hanya

Gangaren da ake yi wa keke yana da lissafi. Kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Dakali mai tsayin santimita 15 yana son gangare mai tsawon mita 1.8, mai santimita 30 kuma mita 3.6. Magini zai ce ya yi tsawo, ya nemi ya gajarta. Kada ku yarda. Gangare mai tsini yana kifar da keke ta baya, kuma mai shi ba zai taɓa hawa shi kaɗai ba. Faɗinsa kada ya gaza santimita 90, a yi masa ɗan baki a gefe don kada taya ta zame, a karce simintin kafin ya bushe don ya yi kaushi. A saman a bar fili shimfiɗaɗɗe inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa. Keke yana buƙatar da'ira mai faɗin kusan santimita 150 kafin ya juya.

Ƙofa mai faɗin santimita 90 ta wadatar. Ta banɗaki ta riƙa buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Mazaunin banɗakin ya yi tsayi daidai da na keke, a kafa ƙarfen riƙo da zai ɗauki nauyin mutum, a jijjiga shi da ƙarfi a gani kafin a biya mai aiki. Gado ma a daidaita tsayinsa da keke. Idan an gama, mai gidan ne zai gwada komai da kansa kuna tsaye.

Mataki na 7: Makaranta da sana'a

Yaro mai nakasar jiki yawanci makarantar da 'yan'uwansa ke zuwa ta ishe shi. Abin da ke hana shi bai wuce uku ba: hanyar zuwa, matakala, da banɗaki. Ku je wurin shugaban makaranta da mafita a hannu, kamar a sauko da ajinsa ƙasa, a ba shi benci na kusa da ƙofa. Ku kula da 'yan mata musamman, domin rashin banɗakin da ya dace yana zaunar da su a gida da zarar sun fara girma.

A batun sana'a, kuskuren da na fi gani shi ne a tara mutum talatin a koya musu abu ɗaya don wanda ya ba da kuɗi shi ya zaɓa, a ba su takardar shaida, su fito babu mai saye. Ku juya tsarin. Ku fara da tambayar abin da ake nema a yankin ba a samu, sannan ku tambayi mutum abin da yake so da abin da ya riga ya iya. Direban da ya rasa ƙafa ya san mota ciki da waje, zai iya sayar da kayan gyaranta ko ya riƙe lissafin masu sufuri. Wanda ya yi karatu yana iya koyarwa ko aikin kwamfuta. Sanya mutum almajirin sana'a a wurin ƙwararren da ke da masu saye ya fi kwas na mako biyu nesa ba kusa ba. Wani lokaci abin da ya rage kawai a rage tsayin teburin aiki, ko a mayar da keken ɗinki na ƙafa ya zama na hannu ko na lantarki.

In za ku ba da jari, ya zama rance ƙarami daga asusun da 'yan ƙungiya ke zubawa, da ranar biya a rubuce. Wanda ya biya ya cancanci rancen da ya fi na farko. Ku tabbatar kuɗin hannun mai shi ya shiga, domin ba sau ɗaya ba dangi ke karɓa da sunan taimaka masa. Ku kuma tuna cewa mai nakasa yana kashe abin da wasu ba sa kashewa, a sufuri da gyaran keke da magani, don haka a sa wannan a lissafin riba tun farko.

Mataki na 8: Wanda ya riga shiga, da wadda ke jinya

Mutumin da ya rasa ƙafa wata biyu da suka wuce ba ya jin lallashin mai ƙafa biyu. Amma in wanda ya yi shekara goma a kan keke ya shigo da kansa, ya sauka ya hau gado ba a taimaka masa ba, ya ce da shi, "Ɗan'uwa, ni ma na yi wata shida ban fita ba," za ka ga ido ya buɗe. Shi ne zai koya masa ɗaga tayoyin gaba don haye dakali, da tsarin fitsari da bayan gida, da maganar aure da ake jin nauyin yi wa likita. Ku haɗa kowane sabo da tsohon hannu, mace da mace, namiji da namiji.

Mai jinya kuma, wadda galibi uwa ce ko mata ko 'ya, tana karyewa a ɓoye. Ku koya mata ɗaga mutum da gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, da amfani da katako mai santsi wajen zamewa daga gado zuwa keke. Ku tsara wanda zai karɓe ta ko da yini ɗaya a mako. In kun lura da alamar duka, ko kulle mutum a ɗaki, ko cin zarafin yarinya, kada ku rufe da sunan sirrin gida. Ku saurari wanda abin ya shafa shi kaɗai, ku kai maganar inda doka ta tanada.

Mataki na 9: Kuɗi da mutunci

Asusu a banki da sa hannun mutum biyu, rasit ga kowane abu, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Ƙungiyoyi da yawa ranar da kuɗi ya fara shigowa suke fara mutuwa.

Kada ku ɗauki hoton kowa sai ya yarda, ya kuma san inda za a sa. Hoton da ke nuna mutum a wulaƙance yana iya kawo gudummawa, amma shi ne zai ci gaba da zama da idon jama'a. In mai bayarwa ya ce lallai sai kekuna ɗari masu girma ɗaya, ku zauna da shi ku nuna masa awon mutanenku. In ya ƙi, kuna da damar cewa a'a.

Mataki na 10: Ku je da tef ɗin awo da takarda

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Nakasa ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki a watan Mayu 2008, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun rattaba mata hannu. Sashe na 9 yana magana kan samun shiga gine-gine da sufuri, na 19 kan zama cikin al'umma da dogaro da kai, na 20 kan zirga-zirga da kayan taimako, na 24 kan ilimi, na 27 kan aiki. Ku nemo dokar ƙasarku da ta yi daidai da waɗannan, ku san sashen da ya shafe ku.

Kuka na gaba ɗaya ba ya motsa ofis. Ku zaɓi gini ɗaya, asibiti ko makaranta ko banki, ku auna matakalarsa da ƙofarsa, ku rubuta abin da ake buƙata da ƙiyasin magini, ku kai wa mai iko da wurin, ku karɓi shaidar an karɓa. Mai keke ne zai yi bayanin. In ofishin yana bene, ku aika a ce kuna ƙasa kuna jira, saukowar da zai yi ta riga ta faɗi rabin maganarku. Ranar 3 ga Disamba, wadda aka ware wa masu nakasa a duniya tun 1992, ta dace da bin bashin alkawuran da aka yi muku a shekara.

Mataki na 11: Ku koma

Duk wanda aka ba keke, ko sanda, ko ƙafar roba, a koma wurinsa cikin makonni shida na farko, daga nan duk wata shida. Yara a fi yawaita zuwa, domin suna girma su fi ƙarfin abin da aka auna musu. A kowace ziyara ku danna taya, ku ja birki, ku cire rigar kushin ku ga ko ya lotsa, ku tambayi lafiyar fata. Ku duba tayoyin da kyau: in kun gan su fes babu ƙura, keken ba ya fita, sai ku zauna ku ji dalili. Sannan ku buɗe littafi a shafin mutumin, ku karanta masa abin da ya ce yana so a ranar farko, ku tambaye shi ko yana yi yanzu. In ya ce a'a, ku rubuta abin da ya tsaya, da sunan wanda zai bi shi, da ranar da za a dawo.